Yadda zaka riƙe tawakkali a lokacin da ka kasa gane abinda Allah yake nufi da kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan maganar ta wanda yayi addu'a har muryarsa ta dishe ce kuma har yanzu ƙofar bata buɗe ba. Ni ba malami bane, tela ne, a garin Madani na ƙasar Sudan aka haife ni kuma a nan na koyi ɗinki a shagon kawuna tun ina sa maɓalli da yin kalmasa har nazo ina yanka jallabiya da arragi, 'yar rigar maza ta Sudan, da kaina. Abinda zan faɗa na tsinto shi ne a bakin malamai da tsofaffi, sauran kuma jiki magayi.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da duk tela baya ganin barci saboda kayan sallah. Mutanen Khartum suka kwararo mana Madani, muka buɗe musu ɗakuna, muna basu haƙuri muna cewa komai nisan dare gari zai waye, wallahi a lokacin ina faɗar wannan maganar da sauƙi a bakina don wutar bata zo gidanmu ba. Sai watan Disamba ta iso mu. Muka fita da abinda hannu zai iya ɗauka, na bar keken ɗinki biyu a shago da yadin mutane da suka bani amana, almakashi kawai na cusa a aljihu. Muka sauka wajen dangin Inna a Mai Wurno, muka fara cewa alhamdulillahi an samu mafaka, sai ƙarshen watan Yuni 2024 garin Sinja da ke kusa da mu ya faɗi muka sake kwasar yara cikin damina da taɓo ta hanyar Dindir har Gadarif. A can Baba ya rasu, a can muka binne shi. Toh ina faɗa maka wannan ne don ka san ba daga inuwa nake maka magana ba.

Farkon abinda zaka yi, ka daina tsoron girgizar da zuciyarka tayi. Mutane da yawa ciwonsu biyu ne, ga masifar ga kuma fargabar cewa tunda zuciyarsu ta tambayi "ya Rabbi har yaushe" shikenan imaninsu ya tafi. Buɗe Baƙara aya ta 214 ka karanta a hankali, Allah da kansa yake bada labarin mutanen da tsanani da cuta suka shafa aka girgiza su har manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Manzo fa. Kuma ba a zage su ba, amsa aka basu cewa taimakon Allah yana kusa. Sayyidina Umar ma ranar Hudaibiya a shekara ta 6 bayan hijira, da aka rubuta sulhun da a ido kamar an danne musulmi, aka ce su koma Madina ba umra, bai iya daurewa ba sai da yaje ya tambayi Annabi (SAW) ashe ba mu ne a kan gaskiya ba, daga nan ya wuce wajen Abubakar ya maimaita tambayar. A hanyar komawa Suratul Fathi ta sauka ta kira wannan sulhun buɗi mabayyani, kuma waɗanda suka je Hudaibiya su wajen 1400 bayan shekara biyu suka shiga Makka su 10,000. Kuka ma ba laifi bane, da ɗansa Ibrahim ya rasu Annabi (SAW) ya zubar da hawaye yace ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma bama faɗin komai sai abinda zai yardar da Ubangijinmu. Iyakar kenan, harshe. Zuciya tayi zafi, ido ya zubar, amma baki kar ya tuhumi Allah.

Daga nan sai ka gyara inda kake kai ƙara. Akwai kai ƙara wajen Allah, akwai kuma kai ƙarar Allah wajen mutane, kuma a zaman gudun hijira na biyun nan yana shigowa baka ankara ba, ana zaune ana shan shayi kowa yana zayyana nasa har hira ta koma "mu me muka yi". Annabi Yaƙub da aka dame shi kan yawan ambaton Yusuf cewa yayi ni baƙin cikina da damuwata wajen Allah kawai nake kai su. A aikace ga yadda nayi. A Gadarif cikin ajin makaranta aka sauke mu, iyali da yawa a ɗaki ɗaya an raba da zannuwa da buhuna, ba inda zaka yi kuka ba a ji ba, sai na samu wani lungu bayan tankin ruwa, idan dare ya raba kashi ukun ƙarshe in fita da buta in shimfiɗa kwali in yi raka'a biyu, a sujada in faɗi komai, da Hausa, yadda yake a raina ba ado, in ce ya Allah na gaji, ya Allah Inna ba magani, ya Allah yadin mutane yana wuyana. Ka ambaci abin da sunansa. Ka riƙe addu'ar Annabi Yunus, la'ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin, da wadda aka koya wa Ummu Salama, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, ita da ta faɗe ta bayan rasuwar Abu Salama tana ganin wa zai fi shi, sai gata a ɗakin Annabi (SAW). Ba wai kana tashi daga sujadar zaka ga an canza maka duniya ba, amma nauyin ƙirjin yana sauka har ka iya fuskantar safiya.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya sosai, don shi ya fi taimakona. Duk Juma'a muna karanta Kahfi, mun san labarin Annabi Musa da Halliru, an huda jirgi, an kashe yaro, an gyara katanga a garin da aka hana su abinci, Musa ya kasa haƙuri sau uku sannan a ƙarshe aka warware masa. Shekara da shekaru ina karantawa ina ɗaukar kaina a matsayin Musa, wato in nayi haƙuri kaɗan za a zo a min bayani. Wata Juma'a a masallacin unguwar da muke wani dattijon malami yana fassara, da ya zo aya ta 79 sai ya ɗago kai yace ku lura da kyau, wa aka yi wa bayanin nan? Musa aka yi wa. Masu jirgin fa, talakawan da ke aiki a ruwa, Alƙur'ani bai ce an koma an zaunar da su an faɗa musu dalili ba. Su abinda suka gani sun ɗauki baƙi biyu don Allah, an saka musu da ɓalle katakon jirgin da suke ci da shi. Iyayen yaron nan muminai ne su biyun, abinda suka gani gawar ɗansu. Marayun nan biyu suna ƙanana basu ma san akwai taska a ƙarƙashin katangar ba. Yace yawancinmu masu jirgi ne, ba Musa ba.

Wallahi jikina sai da yayi sanyi. Don na gane abinda yake cina ba rashin keke bane kawai, jiran bayani ne, ina so a nuna min dalilin da yasa Baba zai mutu a ajin makaranta a garin da ba nasa ba, sai in yarda. Alhali ba a min alƙawarin bayani a duniya ba. Abinda aka min alƙawari shi ne Wanda ya hukunta ɗin Masani ne Mai hikima kuma baya zalunci ko gwargwadon ƙwayar zarra. Halliru tun farko ya faɗa wa Musa ta yaya zaka yi haƙuri a kan abinda baka kewaye shi da sani ba, kuma Baƙara 216 ta ce ta yiwu ku ƙi abu alhali shi ne alheri gare ku, ta ƙare da cewa Allah ya sani ku baku sani ba. Toh matakin a nan shi ne ka sauke wa kanka aikin gano hikima. In an nuna maka wani ɓangare nan gaba ka gode, in ba a nuna ba ka gyara jirginka ka koma ruwa. Kuma kar ka ƙirƙiro hikimar ƙarya don ka lallashi kanka, irin "ai da na zauna da kaza ya same ni", wataƙila haka ne wataƙila ba haka bane, imaninka bai kamata ya rataya a kan wannan lissafin ba.

Sai maganar wa'adi. Kar ka yanka wa Allah rana. Ni na yi, nace kafin azumi zamu koma gida, azumi ya zo ya wuce, nace toh kafin babbar sallah, ita ma ta wuce sai ma ƙara nisa da muka yi, kuma duk ranar da na sa ta wuce sai in ji kamar an saɓa min alƙawari alhali ni kaɗai na ƙulla abina. Hadisi ingantacce ne cewa ana amsa wa ɗayanku matuƙar bai yi gaggawa ba, yace na roƙa ba a amsa min ba. Wani hadisin kuma ya nuna addu'ar da ba saɓo ko yanke zumunci a cikinta ɗayan uku ne, ko a baka yanzu, ko a ajiye maka a lahira, ko a kau da wani sharri kwatankwacinta. Don haka ka roƙa da naci kamar gobe za a baka, amma ka bar kalanda a hannun Mai ita.

Mu Hausawan Sudan ma in mun duba asalinmu ai 'ya'yan jira ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru yayi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin kogin Bahar Azrak kusa da garin Sinnar. Wasu kuma niyyar hajji ce ta fito da su da ƙafa da jakuna ta Borno da Wadai da Darfur, guzuri ya ƙare a hanya su tsaya suyi noma, da aka buɗe gonakin Jazira a 1925 suka shiga tsinkar auduga suna tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Kakata ta wajen uba tana bamu labarin mahaifinta, yana da wata 'yar jaka ta fata da yake tara kuɗin Makka a ciki, duk sanda ta kusa cika sai wani abu ya taso, ko rashin lafiya ko auren 'ya ko shekarar da amfani bai yi ba, ya kwance ya kashe ya sake farawa, har ya rasu bai ga Ka'aba ba, kuma tace bata taɓa jin ya ce an hana shi ba, cewa yake ba a kira ba tukuna. Ita ce taje daga baya ta masa. Duk sanda na ji jiran ya min tsawo sai in tuna jakar nan.

Abin da ke rage nauyin jira shi ne ka gajarta nisan da kake hange. Kar ka ɗauki shekara gaba ɗaya a ka, ɗauki daga asuba zuwa azahar. In an kai, daga azahar zuwa la'asar.

Kuma jira ba zama bane, nan ne mutane suke ruɗewa. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) in ɗaure taguwata in yi tawakkali ko in sake ta in yi tawakkali, ce masa aka yi ɗaure ta kayi tawakkali. Tsuntsayen da aka buga misali da su a hadisi suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, fita suke yi fa. Nana Hajara da Annabi Ibrahim ya bar ta a kwarin da ba shuka ta tambaye shi Allah ne ya umarce ka, yace eh, tace toh ba zai tozarta mu ba, wannan yaƙini kenan, amma duk da haka sau bakwai tana kai kawo tsakanin Safa da Marwa, ruwan kuma bai fito a kan dutsen da take hawa ba, wajen jaririn ya ɓullo. Kai dai kayi sa'ayinka, ta inda za a buɗe ba naka bane. Ni da kaka tazo a Gadarif na bi mutane yankan riɗi, aikin da ban taɓa yi ba, hannun da ya saba da allura ya fashe ya yi kanta, daga baya wani tela ɗan garin ya ga yadda nake riƙe almakashi ya bani kekensa ina hawa da dare in ya tashi, muna raba abinda aka samu. Matata tana taya girki a takiyya, wato tukunyar unguwa da ake dafa adas ko balila a raba wa kowa, ta dawo mana da kwano. Kar kaji kunyar karɓa in kana da buƙata, kar kuma ka raina abinda zaka iya bayarwa ko ɗebo ruwa ne ko faskare. Da kwalara ta shigo a daminar 2024 akwai masu cewa ai ajali ne kawai, eh ajali gaskiya ne, amma a tafasa ruwa, a wanke hannu da sabulu, wanda ya fara gudawa a bashi ruwan gishiri da sukari a garzaya da shi asibiti. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta sauka a Sham ya juya da jama'a, aka ce gudun ƙaddarar Allah kake, yace muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Ka kiyayi "da na sani". Dare nawa na kwana ina cewa da na ɗora keke ɗaya a amalanken jaki tun ranar farko, da mun wuce Gadarif kai tsaye, da na kai Baba asibiti kwana biyu kafin nan. An hana mu wannan, an ce in abu ya same ka kar kace da nayi kaza da kaza ya faru, kace ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al, don "da" tana buɗe aikin shaiɗan. Ka faɗe ta da baki a fili duk sanda tunanin ya zo, ko sau ɗari ne a dare ɗaya. In akwai kuskuren da kayi da gaske ka nemi gafara ka ɗauki darasi, wannan daban ne da zama kana yanka kanka da wuƙar da bata dawo da komai.

Akwai abu biyu da suke min ciwo ina so in faɗa. Ɗaya, masu zuwa wajen wanda yake cikin masifa su fassara masa ita, ai zunubanku ne, ai azaba ce. Haba ɗan'uwa, wa ya nuna maka Lauhul Mahfuz? An tambayi Annabi (SAW) su wa suka fi shan jarraba yace annabawa, sannan masu bi musu a daraja. Kowa ya binciki kansa ya tuba, wannan wajibi ne a kanmu duka, amma matar da ta binne ɗanta jiya ba wa'azinka take buƙata ba, ka kawo mata ruwa, kace Allah ya jiƙansa ya baki dangana, ka zauna kayi shiru. Na biyu, yarda da ƙaddara bata wanke azzalumi. Wanda ya fasa shagon mutane ya kwashe, wanda ya kori tsofaffi daga gidajensu, zai tsaya gaban Allah ya amsa, kuma neman haƙƙinka ta hanyar da ta dace bai saɓa wa tawakkali ba. Kar wani ya rufe maka baki da kalmar haƙuri don ya ci gaba da cutarka.

Waya ma ka mata linzami. Lokacin da shabaka, wato layin waya da intanet, ta ɗauke a watan Fabrairu 2024 mun sha wuya, ba labarin dangi ba turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, amma da ta dawo sai na ga wata wahalar, kwana ake a WhatsApp da Facebook ana bin an kama gari kaza an saki gari kaza, rabi ƙarya, zuciya tana hawa tana sauka har asuba ta kuɓuce. Ka sa lokaci ɗaya ko biyu a yini ka duba ka ajiye. Ka nemi mutum ɗaya wanda in ka zauna da shi kana tashi da ƙarfi, ka lizimce shi, kuma duk yadda ka kai ga jin ba daɗi kar ka bar sahu, ko ba ka jin komai a sallar ka je ka tsaya, Annabi Yaƙub bayan shekarun nan duka ce wa 'ya'yansa yayi ku tafi ku nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa kar ku yanke ƙauna daga rahamar Allah. In kuma abin ya kai baka barci baka cin abinci ko kana jin gara ka mutu, ka faɗa wa wani babba naka ka ga likita, shi ma yana cikin ɗaure taguwa.

Bayan an ƙwato Madani a watan Janairu 2025 na jira wasu watanni sannan na je ni kaɗai in duba. Shagon ba ƙofa, ba keke ko ɗaya, ba yadi, teburin yanka ne kawai ya rage an jingine shi da bango ƙafa ɗaya ta karye, ga alli na a ƙasa an tattake. Na tsaya nayi inna lillahi, na karanta addu'ar Ummu Salama, na ari tsintsiya a maƙota na share. Masu yadin da na iya samu na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka ce sun yafe tun kafin in gama magana, wasu na rubuta a littafi ina biya kaɗan kaɗan. Inna da na kira ta nace Inna ba komai a ciki, sai tace teburin fa, nace yana nan, tace toh ka gyara ƙafar. Na gyara. Yanzu keken haya nake hawa, ina zuba adashi, kuma an min kwatancen wani tsohon keke da ake sayarwa a Hantub ta tsallaken kogi, gobe in Allah ya kai mu bayan asuba zan haye gada in je in gwada ɗinkinsa.